Kwamfutar da aka so ta yi lissafi da haske: tarihin wani yunƙuri na Bell Labs

1/ Duk bayan 'yan watanni sai labari ya ɓullo: wai an ƙera kwamfuta mai aiki da haske, ta ninka tamu sauri sau kaza, silikon ya zama tsohon yayi. Jama'a, wannan alkawarin ya girme ni nesa ba kusa ba. An yi shi a 1990, da babbar murya ma. Ga abin da ya biyo baya. Zaren na da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne, kuma na kwashe makonni ina bin takardun mutanen da suka yi aikin. Abin da na fahimta a taƙaice: haske ya faɗi jarrabawar lissafi, amma ya ci ta dako. Kuma hali ɗaya ne ya kayar da shi a can, ya ɗaga shi a nan.

3/ Halin nan, Ibn al-Haisam ya lura da shi a Alƙahira shekara 1,000 da suka wuce. A littafinsa Kitab al-Manazir, da ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya bayyana wani gwaji: a jera fitilu a gaban wata 'yar kafa da ke buɗewa cikin wuri mai duhu.

4/ Kowace fitila sai ta zana nata ɗigon a bango. Ka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa, saura na nan daram. Wato duk hasken ya bi kafa ɗaya, ya ratsa juna, amma babu wanda ya gauraya da wani. Ku riƙe wannan da kyau, za mu yi ta buƙatarsa.

5/ Wayar lantarki ba haka take ba. Wayoyi biyu tsirara suka haɗu, sai tartsatsi. Ko ba su taɓa juna ba, in sun yi kusa sosai saƙon wannan na kutsawa cikin na waccan. Kuma kowace waya sai an cika ta da caji daga farko zuwa ƙarshe kafin saƙo ya isa. Iya tsawonta, iya wutar da take sha.

6/ Ranar 16 ga Mayun 1960, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Kalifoniya. A 1962 kuma Robert Hall na General Electric ya samar da leza daga galiyom asenayid, sinadarin da ake iya yanka shi ƙanana kamar ƙwayar gero. An samu tsinken haske miƙaƙƙe da za a iya aika.

7/ Tun a shekarun nan masu bincike a Jami'ar Michigan ke amfani da ruwan tabarau suna mai da bayanan rada zuwa hoto. Aiki ne na gaske, amma gilashi ba ya yanke hukunci. Ba ya cewa "in kaza ya faru, yi kaza". Ita kuwa kwamfuta, wannan ne tuwonta na kullum.

8/ Zuwa farkon shekarun 1980 wata matsala ta fito fili. Tiransistocin da ke cikin cip, wato ɗan fallen silikon da ke yi wa kwamfuta lissafi, suna ta ƙaruwa suna ƙara sauri. Amma hanyoyin shiga da fita na gefe-gefe ne kawai. Kamar kasuwa mai dubban shaguna da 'yan ƙofofi kaɗan a jikin katanga.

9/ A 1984 Joseph Goodman na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa 3 suka fitar da takarda da ke cewa: a haɗa cip da cip da haske mana. Saƙo ya fita ta fuskar cip ɗin gaba ɗaya, ya bi iska, ya sauka a fuskar na gaba. Ba lallai cikin zaren gilashi irin na intanet ba, har a sarari ma.

10/ Ku duba lissafin. Jeri 32 sau 32 na ɗigon haske ya ba ka hanyoyi 1,024. Ruwan tabarau guda zai kwashe su duka a lokaci ɗaya, kamar yadda kyamara ke ɗaukar hoto, ya sauke kowanne a mazauninsa. Da waya ce, sai ka ja 1,024 ka liƙa kowace hannu biyu.

11/ Toh, don wannan ya yiwu ana buƙatar abu 3. Na ɗaya, hanyar samun tsinkayen haske da yawa a jere. Na biyu, gilasai da maduban da za su kai kowane tsinke inda ake so. Na uku, makunnin da haske zai kunna ya kashe. Kowannensu da tarihinsa.

12/ Na farko yana da mafita biyu. A 1971 Hans Dammann, a ɗakin binciken Philips da ke Hamburg a Jamus, ya fito da wani gilashi da aka sassaƙa wa ƙananan layuka. Tsinken leza ɗaya ya shiga, ya fito a rarrabe sahu-sahu, kowane ɗigo ƙarfinsa daidai da na ɗan'uwansa. Mutanen Bell Labs sun ɗauko shi a ƙarshen shekarun 1980.

13/ Mafita ta biyu daga Japan ta zo. Ƙananan lezojin wancan lokaci ta gefe suke fitar da haske, sai an fasa fallen an ɓalle su ɗaya-ɗaya kafin ma a gwada. A 1977 Kenichi Iga na Cibiyar Fasaha ta Tokyo ya zana wadda za ta harba haskenta sama, ta fuska. Ita ake kira VCSEL.

14/ Ta fara haske a 1979, amma sai a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Sai 1988 ta iya aiki ba yankewa a zafin ɗaki. Shekara 11 kenan fa. A 1989 Jack Jewell na Bell Labs da Axel Scherer na Bellcore suka nuna irin waɗannan lezoji sama da miliyan 1 a kan cip guda.

15/ Sai makunni. A nan gizo ke saƙar. Lissafin kwamfuta yana buƙatar saƙo ɗaya ya canza ɗaya: wannan ya buɗe wa wancan hanya ko ya rufe. Amma Ibn al-Haisam ya riga ya nuna mana haske ba ya kula ɗan'uwansa. Dole a sa wani abu a tsakani ya yi dillanci.

16/ A 1984 David Miller, ɗan Sikotilan da ke aiki a Bell Labs, ya kawo dillalin. Sunansa SEED. Shimfiɗu ne na galiyom asenayid sirara ƙwarai, kowace kusan nanomita 10. Haske ya faɗa kai, ya haifar da lantarki, lantarkin ya canza yawan hasken da shimfiɗun ke sha. Ya zama ko dai duhu ko haske: 0 ko 1.

17/ Bayan 'yan shekaru Anthony Lentine da abokansa suka haɗa su bibbiyu, aka kira shi S-SEED. Maimakon a auna ƙarfin tsinke ɗaya, sai a kwatanta biyu: wanne ya fi? Ko leza ta ɗan yi rauni, duka biyun za su yi rauni tare, amsar ba ta canzawa. Dabara ce mai kyau wallahi.

18/ Ƙarshen Janairun 1990, a Holmdel da ke jihar New Jersey, Alan Huang da tawagarsa ta Bell Labs suka kira 'yan jarida. Suka nuna abin da aka kira na'urar lissafin dijital ta haske ta farko. Manyan jaridun Amurka suka ɗauka, aka yi ta cewa sabon zamani ya zo.

19/ Me ke kan teburin? Jeri 4 na S-SEED, kowanne da makunni 32, jimla 128. An haɗa su da lezoji da ruwan tabarau da madubai, abin da ya fito daga na huɗu ya koma na farko. Saurinta ya kai zagaye miliyan 1 a daƙiƙa. Ayyukanta ƙanana ne, irin matsar da 0 da 1 daga gurbi zuwa gurbi.

20/ Yanzu ku kwatanta. Intel 486 ya fito a 1989, da tiransisto kusan miliyan 1.2, yana zagaye miliyan 25 a daƙiƙa, kuma zai zauna a tafin hannunka. Su Huang ba su ɓoye cewa tasu gwaji ce ba. Fatansu shi ne gaba za ta kamo ta wuce. Ba ta kamo ba. Me ya sa?

21/ Akwai wanda ya faɗi dalilan tun kafin a kira 'yan jarida. Robert Keyes na IBM ya rubuta a 1985 cewa sauri kaɗai ba ya mai da abu makunnin kwamfuta. Tiransisto na da wasu halaye da muke rainawa don mun saba da su.

22/ Ga su: ƙaramin saƙo ya shiga, babba ya fito. Ɗaya ya iya tuƙa biyu ko fiye a gabansa. Saƙo ya shigo a gurɓace, ya fita tsaf a 0 ko 1. Abin da ke gaba kada ya dawo ya dami na baya. Kuma ko an ƙera miliyan ba su zo daidai wa daida ba, su yi aiki. Yawancin makunnan haske sun gaza a nan.

23/ Sai girma. Lezojin nan na aiki da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 850. Ruwan tabarau ba zai matse ɗigo ya yi ƙasa da wannan awon sosai ba, dokar halitta ce. A 1990 tiransisto na kusan nanomita 1,000. Daga nan ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma 'yan gomomi. Ɗigon haske na nan inda yake.

24/ Sai saiti. Kowane tsinke sai ya faɗa cikin tagar da faɗinta 'yan maikiron ne, alhali silin gashi ɗaya ya kai maikiron 70. Ɗaki ya ɗan yi zafi ƙarfe ya miƙe, ko tebur ya girgiza, dubban ɗigo sun kauce tare. Duk wanda ya taɓa saita madubi biyu a laf ɗin fiziks ya san wannan ciwon kan.

25/ Abu na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. Ku koma lamba 16. A cikin SEED, haske na komawa lantarki, lantarkin ne ke yanke hukunci, sannan a ɗora amsar a kan wani hasken. Ashe ko a cikin "kwamfutar haske" ilektiron ne alƙali. Haske ɗan aike ne tun farko.

26/ Wata tawagar Bell Labs a Naperville, jihar Illinois, ta gane haka. Su Scott Hinton da Rick McCormick da Tom Cloonan da Lentine ba kwamfuta suke son ƙerawa ba. AT&T kamfanin tarho ne. Damuwarsu ita ce rarraba saƙo: ya shigo ta ƙofa kaza, a fitar da shi ta ƙofa kaza, dubbai a lokaci guda.

27/ A 1993 suka wallafa na'ura mai hawa 6. Kowane hawa jeri ne na mararraba 32 sau 32, da tagogin haske sama da 10,000. Tsakanin hawa da hawa, gilasan da kwamfuta ta zana ne ke karkata tsinkayen, suna ratsa juna a iska ba karo. Duk abin bai fi faɗin babban littafi ba, kusan santimita 23 da 32.

28/ A 1994 suka ƙara mataki. Suka dasa tiransistoci na gaske a gefen kowace taga: haske ya kawo, tiransisto ya zaɓi hanya, haske ya kwashe. Suka sa masa suna da ke nufin ɗigo mai wayo. Na'urar mai ƙofar shiga 32 da ta fita 16 ta kai megabit 155 a daƙiƙa a kowace hanya.

29/ A ganina wannan ne ainihin juyin da aka yi a tarihin nan, ba taron 'yan jaridar 1990 ba. An daina tilasta wa haske aikin da ba nasa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai babu jaridar da za ta sa "mun rage buri" a shafin farko.

30/ Duk da haka na'urorin Naperville ba su shiga kasuwa ba. Silikon da wayar tagulla sun ci gaba da inganta cikin araha. Pentium ya zo a 1993 da tiransisto miliyan 3.1. A 1996 AT&T ya rabu, Bell Labs ya koma ƙarƙashin Lucent, Miller ya tafi Stanford. A 2000 cip na kasuwa ya kai zagaye biliyan 1 a daƙiƙa.

31/ Toh shikenan, kuɗi sun tafi a banza? Ku bi kayan gyaran ku gani. VCSEL ta shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. A 1998 aka amince da tsarin Gigabit Ethernet, ita ce ke tura saƙo a gajerun zaren gilashi, a nanomita 850 ɗin nan dai. Har yau jerinta na haɗa injina a cibiyoyin ajiyar bayanai.

32/ A 2004 ta shiga linzamin kwamfuta na Logitech. A 2017 iPhone X ya zo da Face ID: jerin VCSEL da wani gilashi mai rarraba haske, suna watsa ɗigo sama da 30,000 a fuskarka. Lezar Iga da jikan gilashin Dammann kenan, a aljihun mutane. Ba lissafi suke yi ba, awon fuska suke.

33/ Rarraba saƙo da tsinkayen haske fa? A 1999 Lucent ya sanar da LambdaRouter. Ƙananan madubai 256 a kan fallen silikon, kowanne kusan rabin milimita, yana karkata ta kowane ɓangare. Haske ya fito daga zare, ya bugi madubi, ya bugi na biyu, ya shiga zaren da aka zaɓa. Ba a mai da shi lantarki ko sau ɗaya.

34/ Na'urar ta yi aiki, lokacin ne bai yi ba. Kasuwar kamfanonin sadarwa ta ruguje a 2001, masu sayen suka shiga bashi, wasu suka karye. A 2002 Lucent ya dakatar da ita. Karo na biyu kenan da fasahar ta fito daga gidan Bell Labs ta koma kan kanta.

35/ Sai 2022 Google ya bayyana cewa ya yi shekaru yana amfani da irin wannan a cibiyoyinsa, a wani shiri mai suna Apollo. Akwatin nasu na da ƙofa 136 ta shiga, 136 ta fita, da jeri biyu na ƙananan madubai. Sun ce sabon tsarin ya rage wutar hanyoyin sadarwarsu da kusan kashi 40 cikin 100, kuɗi da kusan 30.

36/ A 2023 suka bayyana TPU v4, injin horar da ƙirƙirarriyar basira: cip 4,096, an kasa su rukuni 64, akwatunan madubi 48 na haɗa rukunan. Rukuni ɗaya ya lalace, a juya madubai a kewaye shi, aiki ya ci gaba. A lissafinsu, kayan hasken ba su kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin injin ba.

37/ Ku lura da rabon aikin. Madubi a hankali yake juyawa, sai ya ɗauki 'yan milisakan, kuma bai san me ke cikin saƙon ba. Lissafi duk na silikon ne. Umarnin juya madubin ma daga lantarki yake zuwa. Matsayar da Naperville suka kai ce a 1994, aka dawo mata bayan kusan shekara 30.

38/ Adalci dai: masu son haske ya yi lissafi ba su haƙura ba. Akwai lissafi ɗaya da ya dace da shi, ninka lambobi da yawa a tara su. Goodman ya nuna haka a Stanford tun 1978 da jerin ƙananan fitilu. A 2017 wata tawaga a MIT ta yi shi a kan cip, kamfanonin Lightmatter da Lightelligence suka fito daga nan.

39/ Kuma wannan lissafin ne ƙirƙirarriyar basira ta fi ci. Don haka ban ce ƙofa ta rufe ba. Amma lambobin na zaune ne a ma'ajiyar lantarki. Sai an mai da su haske, a ninka, a dawo da su lantarki. Kuɗin motar zuwa da dawowa na iya cinye ribar kasuwar.

40/ Shi kansa Miller, mai SEED, ya rubuta a mujallar Nature Photonics a 2010 yana jero sharuɗɗan da tiransiston haske zai cika, kusan irin na Keyes, ya nuna yawancin waɗanda ake tallatawa ba su cika su ba. Ya fi ba da ƙarfi ga haske a matsayin mahaɗi. Wanda ya ƙera abin ne fa ke faɗa.

41/ Don haka in kun ga kanun "kwamfutar haske ta ninka sauri", ku yi tambaya 4. Wa ke yanke hukunci a ciki, haske ko tiransisto? Ina ake ajiye bayanan? An ƙidaya wutar leza da ta juya saƙo zuwa haske da dawowa? Da wane cip aka kwatanta, na bana ko na shekara 5 baya?

42/ Wani zai ce Bell Labs sun yi asara, tunda kwamfutar ba ta zo ba. Ni ban yarda ba. Sun yi kuskuren hasashen inda ribar take, amma tambayar da suka yi ta gaskiya ce: waya za ta gaza. Yau a manyan injinan ƙirƙirarriyar basira, kai bayanai daga cip zuwa cip na cikin abin da ya fi cin wuta da ɓata lokaci.

43/ Mu da ke shirin zaɓar furojet ɗin ajin ƙarshe, akwai abin ɗauka. Iga ya jira shekara 11 kafin lezarsa ta yi aiki a zafin ɗaki. Gilashin Dammann ya kusa shekara 20 kafin a nemo shi don wannan aikin. Ka auna abu da gaskiya, ka rubuta inda ya gaza. Wani zai zo ya ɗora daga nan.

44/ Nan zan tsaya. Masu karatun fiziks da injiniyanci, ina son jin ra'ayinku a kan lamba 39, musamman wanda ke ganin haske zai iya karɓe lissafin ma. Mai gwajin fitilu kuma, tocila 3 da kwali mai huji ɗaya sun isa, a ɗaki mai duhu. In zaren ya amfane ka, tura wa ɗan ajinku.